Shekarar da Ƙwaryarmu Ta Shiga Kotu

Sale da Binta, kun sha tambayata ko gaskiya ne Baba ya faɗi a shari'a. Na san inda kuke jin maganar. A kasuwar Assakio ne, wajen masu kanwa, inda har yau wasu in suka hango Baba sai su ce ga mai gidan aro nan ya iso. Ba ni da bakin ba ku amsa a gaban mutane. Kun san halina, ko a aji in malam ya kira sunana sai in ɓoye fuska a littafi. Amma ina wurin aka yi komai, kuma kafin in gama makaranta ƙananan abubuwa su zube daga kaina, gara in rubuta muku. A shekarar, kai Sale ko famfara ba ka fara ba, ke kuwa Binta kina bayan Inna kina tsotsar bakin zani.

Sai na fara da kakanmu Buba, wanda ba ku riske shi ba. Shi ne ya gaji da yawo da shanu, ya iso gefen Adogi wata damina, ya roƙi wani manomi mai suna Baba Agbo wurin zama. Baba Agbo ya ɗauki sandarsa ya zaga da shi, daga gindin ƙirya zuwa bakin rafi, daga rafi zuwa dutsen nan mai kama da saniya a kwance, ya ce ya zauna, shi da 'ya'yansa da jikokinsa. Ba a rubuta komai ba. Abu ɗaya aka ajiye a tsakaninsu: duk shekara in sabuwar doya ta fito, gidanmu zai kai wa gidan Baba Agbo ƙwaryar man shanu. Gaisuwa ake kiranta. A wurin Kaka ya gina ɗakinsa na farko, a wurin aka haifi Baba da ƙanensa Baffa Sani, a wurin kuma aka binne Kaka da matarsa, bayan garke, ƙarƙashin ɗorawa.

Ƙwaryar kun san ta, ita ce ke saman jeren Inna. Tsohuwa ce, ta yi launin zuma, an ƙona mata zane a baki kamar sawun zabi, a gefe ɗaya kuma akwai tsaga da gyartai ya ɗinke tun kafin a haife ni. Tun da wuyana ya iya riƙe gammo ni nake ɗaukarta. Ina son tafiyar fiye da Sallah. Hanyar ta ratsa gonakin doya, ganye ya hau sanduna ya yi duhu, raɓa tana jiƙa mini ƙafa, ni kuma ina tafe a hankali ina jin man yana numfashi ƙarƙashin faifai. Wani lokaci nakan ɗauka cewa ni ce gajimare, an aiko ni in kai wani abu mai sanyi daga wannan gida zuwa wancan. Matar Baba Agbo, Mama Ladi, ita take karɓa. Za ta juye man, ta wanke ƙwaryar da ruwan ɗumi, ta goge da gefen zaninta, sannan ta ɗora doya mafi kyau a ciki. Hausarta ba ta raba mace da namiji, ni da Baba duk "kai" muke a bakinta.

"Ɗauka ka tafi," in ji ta. "Ƙwarya ba ya komawa gida da yunwa."

A shekarar da nake ba ku labari Baba Agbo ya rasu. Mun je gaisuwa, Baba ya ba da ɗan maraƙi. Babban ɗansa Ayuba, mai shagon kayan gini a Lafiya, shi ya gaji gida. Ba mugun mutum ba ne, ina so ku riƙe wannan. Gari ne yake matsowa, masu yanka filaye suka zo masa da magana mai daɗi, shi kuma yana da yara a makaranta da ƙanne a wuyansa. Wata safiya muka tashi muka ga mutane da igiyar awo suna kafa turakan siminti masu jan kai, ɗaya ma dab da ɗorawar Kaka. Wata balbela ta sauka a kan turken ta tsaya da ƙafa ɗaya, kamar ita aka kafa wa. Baffa Sani ya tumɓuke su ya zuba a rafi. Bayan haka Ayuba ya kai mu ƙara, sammaci ya zo daga babbar kotun jiha.

Ina zaune gidan Goggo a Lafiya saboda makaranta, amma duk hutu ina gida, kuma gidan da na tarar a wannan dogon hutun ba shi na bari ba. Rediyon Baffa ba ya hutawa. A lokacin maganar ƙasa ce a bakin kowa, masu bugo waya suna ta ja-in-ja. Wannan ya ce a doka duk ƙasa tana hannun gwamna. Wancan ya ce wanda ba shi da takardar mallaka ba shi da komai, ko da kakansa ne ya sare dajin. Wani ya ce a yi dokar da za ta tsayar da makiyaya wuri ɗaya, wani ya tambaye shi wane wuri ke nan, tunda kowane wuri da mai shi. Baffa yana amsa musu ɗaya bayan ɗaya kamar suna jinsa, yana nuna rediyon da sanda. Maganarsa kullum ɗaya ce, cewa wanda ya binne uwa da uba a wuri, wurin nasa ne, kowane alƙali ya sani. Ranar da aka fara ganin sabuwar doya a kasuwa, Baba ya tsaya a ƙofar ɗakin Inna, bai shiga ba, ya ce bana ba za a kai ƙwarya ba. Wanda ya kai ka kotu ba a gaishe shi da man shanu.

Inna ta ce to. Ta ci gaba da kaɗa nono kamar ba a yi magana ba, gorar tana kai da komo a cinyarta. Kwana uku tana tara mai tana curawa. Ni 'yar fari ce, kun san Inna da Baba ba sa faɗin sunana, kunya ba ta bari. A bakinsu ni "ke" ce, ko "yarinyar nan". Da safe bayan maza sun fita da shanu ta sauko da ƙwaryar ta rufe da faifai.

"Ke, zo. Ki kai wa tsohuwa. Rigimar ta maza ce, ni da Ladi ba mu yi faɗa ba."

Ban taɓa jin nauyin ƙwaryar ba sai ranar. Na bi ta bayan gonar rogo don kada makiyayanmu su hango ni. Na tarar da Mama Ladi tana soya gari, hayaƙi ya sa idonta ja, ta aske kanta saboda makoki. Ta daɗe tana kallona ni da kayan kaina. Ta ce Ayuba ya hana ta karɓar komai daga gidanmu, ko gaisuwar baki. Na tsaya, ban san ko in juya ba, gammo yana zamewa. Sai ta ajiye abin juya garin ta miƙo hannu biyu.

"Sauke. Ni na haifi Ayuba, ba shi ya haife ni ba."

Da yamma Inna ta dafa doyar ta zuba mata mai. Mu ba ma noman doya, kowa a gidan ya san daga inda doya take zuwa a irin wannan lokaci. Baba ya buɗe kwano ya kalli abin da ke ciki. Ina tsugune kusa da murhu. Ya daɗe yana kallon kwanon. Sannan ya yi bisimilla ya ci, ya cinye, ya sha ruwa. Baffa a ranar yana gidan surukansa, bai sani ba.

Lauyarmu wata matashiya ce, ofishinta a saman wani shagon buga takardu. Baba da Baffa suka tafi da ni don in karanta musu abin da aka rubuta da Turanci. Ina tuna fankar ɗakin tana juya kai hagu da dama kamar mai cewa a'a, da wata ƙadangaruwa a bayan labule. Lauyar ta saurari Baffa har ya gama, sannan ta ce hanya biyu ce a gabanmu. Ta farko, mu ce ƙasar tamu ce. Amma ba mu da takarda, kuma duk tsofaffin Adogi sun san wanda ya zaga da Kaka da sanda. Ta ce a al'ada, kuma kotuna sun sha tabbatar da haka, wanda aka zaunar a ƙasa in ya musa mai ita, ya rasa wurin zamansa. Ta biyu, Baba ya tsaya ya faɗa da bakinsa cewa ƙasar ta gidan Agbo ce, mu zaunar da mu aka yi. In ya yi haka, kuma aka tabbatar ba mu taɓa yanke gaisuwa ba, da wuya a tashe mu. Sai ta tambaya ko an kai ta bana. Baffa ya yi dariya ya ce wace gaisuwa, ai an daina wannan bautar.

"Ba a daina ba," in ji Baba. "Yarinyar nan ta kai."

Bai kalle ni ba. Baffa ne ya kalle ni, kallon da har yau nake ji a gefen fuskata. A kan hanyar komawa, da muka sauka daga mota muka kama turbar gida Baffa ya sha gaban Baba.

"Yaya, yanzu za ka tsaya a gaban duniya ka ce ƙasar da mahaifinmu yake kwance a ciki ba tamu ba ce?"

"Shi da yake kwance a cikinta, ka taɓa jin ya ce tasa ce?"

Baffa ya ce wancan zamani daban, yanzu in ka sunkuya sau ɗaya an hau ka ke nan har jikokinka. Ya ce gara a kore shi yana tsaye. Baba ya ce shi yana da yara ƙanana da kaburbura biyu, ba ya iya ɗaukar ko ɗaya a kafaɗa ya shiga daji. Washegari da sassafe na fito zubar da toka na hango Baba shi kaɗai yana bin iyaka, daga ƙirya zuwa rafi, daga rafi zuwa dutse. Hazon damina ya rufe shi daga gwiwa zuwa ƙasa, sai ka ce a kan ruwa yake tafiya. A gindin ɗorawa ya tsaya ya daɗe. Da ya dawo ya ce in gaya wa lauya ya zaɓi hanya ta biyu.

Shari'a ba ta sauri. Aka yi ta ɗagewa, ruwa ya ɗauke, aka yanke riɗi aka jingina shi yana bushewa, mu muna zuwa muna komawa. Ranar da aka saurari Baba, Goggo ta roƙa mini izini a makaranta, domin lauya ta ce mai yiwuwa a kira ni shaida. Ɗakin kotun dogo ne, kujerun katako sun yi santsi saboda zaman mutane. A can sama kusa da rufi tsattsewa sun yi sheƙa, suna shiga suna fita ta wata taga da ta fashe, ba ruwansu da wanda ake tuhuma. Mai shari'a mace ce mai tabarau, tana rubutu da hannun hagu. Aka ɗora ƙwaryarmu a kan tebur, wani ma'aikaci ya ɗaura mata ƙyallen takarda da zare, kamar akuyar da za a kai kasuwa. Na ga tsagar da gyartai ya ɗinke tana fuskantar mutane, na ji kunya ta kama ni a madadinta, na so in tashi in juya ta.

Baba ya shiga akwatin shaida da farar rigarsa ta Juma'a. Tafinta yana mayar masa da tambayoyi cikin Hausa. Da aka tambaye shi ƙasar wa ce, sai ya dubi mai shari'a.

"Ta gidan Agbo ce, ranki ya daɗe. Zaunar da mahaifina aka yi."

A bayana na ji kujera ta yi ƙara. Baffa ne ya tashi ya fita. Lauyan Ayuba ya miƙe ya ce in haka ne, ai mun daina gaisuwa tun da aka shigar da ƙara, kowa ya ji Baba ya hana. Baba ya ce ya hana, amma an kai, kuma ya ci doyar. Aka tambaye shi wa ya kai. Ya ce 'yarsa ta fari. Mai shari'a ta ɗago kai ta ce kotu tana buƙatar suna. Baba ya kalli ƙasa, ya kalli tafinta kamar mai neman a taimake shi. Tafintan ya fahimta, ya yi wa mai shari'a bayani a hankali, ta gyaɗa kai, amma ta ce dole a rubuta.

"Ramatu," in ji Baba.

Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Ya fito a hankali, kamar abin da aka daɗe da ajiyewa a ƙasan akwati, da ƙanshin ajiya a jikinsa. Na sunkuyar da kai na kalli takalmana, na ga igiyar ɗaya ta kwance, ban iya ɗaurewa ba.

Ba a kira ni ba a ƙarshe, domin Mama Ladi ta riga ni. Ta zo da zanin zumuntar matan cocinsu, ta ƙi zama a kujerar da aka ba ta. Da aka tambaye ta ko ta karɓi man shanu bana, ta ce ta karɓa, ta ci, kuma da daɗi. Mutane suka yi dariya, har mai shari'a ta rufe baki da bayan hannu. Ayuba bai yi dariya ba. Ya kalli mahaifiyarsa, ita kuma ta kalli bango.

Ƙwaryar ta kwana a kotu har aka yanke hukunci. Gurbinta a jeren Inna ya zauna fayau, Inna ba ta sa wata a wurin ba. Ni kuwa a aji sai hankalina ya tafi ɗakin ajiyar kotu, in gan ta a kan kanta tsakanin adduna da injinan da aka kama a hannun ɓarayi, ita kaɗai mai ƙanshin nono. Har mafarki na yi shanunmu sun shiga kotun a jere, sun zauna a kujeru, suna jiran a kira su.

Ranar hukunci mai shari'a ta daɗe tana karatu, tafinta ya dunƙule shi a taƙaice. Ƙasa ta gidan Agbo ce. Zuriyar Buba ba za a tashe su ba, ba kuma za a sayar da wurin a kansu ba, muddin suna kai gaisuwa duk shekara. Ba wanda ya yi murna. Ayuba ya zauna riƙe da makullin mashin ɗinsa, Baba ya zauna riƙe da hularsa. Daga baya maganar ta shiga rediyo. Wasu suka ce hukuncin ya ɗaure mai ƙasa da ƙasar da ba zai mora ba, wasu suka ce ya mai da mutane baƙi a inda aka yanke musu cibiya, wasu kuma suka ce da ana yin haka ko'ina da an rage zubar da jini. Har malaminmu ya kawo misalin a aji, ya ce mu yi muhawara a kai, bai san yarinyar da ta ɗauki ƙwaryar tana zaune a layi na uku kusa da taga ba. Ban ɗaga hannu ba.

Abin da ya biyo baya kun ɗan sani. Baffa Sani ya ware shanunsa ya yi wajen Ashige, daga can ya ƙara gaba, ko da Sallah ba ya zuwa. Garke ya rabu biyu, kukan shanu da safe ya zama siriri, na daɗe kafin kunnena ya saba. Baba ba zai taɓa samun takardar mallaka da sunansa ba, kai ma Sale ba za ka samu ba. Sunan mai gidan aro kuma ya bi shi kasuwa. Amma ɗakin da kuke kwana a ciki yana nan, ɗorawa tana nan, ba a taɓa waɗanda ke ƙarƙashinta ba.

Da sabuwar doya ta sake fitowa na ɗauki ƙwaryar. Zaren kotu ya bar mata ɗan layi a baki. Hanyar tana nan yadda take, da raɓa da duhun ganye, amma ban zama gajimare ba. A da kyauta nake kaiwa, yanzu umarni ne a kaina. Ayuba na tarar a tsakar gida, ya zo musamman daga Lafiya. Ya amsa gaisuwata ba yabo ba fallasa, ya ciro waya ya ɗauki hoton ƙwaryar a buɗe, ya ce saboda shaida. Matarsa ta juye man ta miƙo mini ita ba a wanke ba. Na kifa faifai na juya. Ba nauyi a kaina, amma wuyana ya yi ciwo.

Na kusa fita daga gonar rogo na ji ana kira. Mama Ladi ce take biyo ni da sanda, tana ɗingishi, ta rungume doya guda a ƙirji kamar jariri. Ta karɓi ƙwaryar ta goge cikinta da gefen zaninta, ta daɗe tana gogewa. Na ce mata a hankali ai alƙali bai ce a ba mu komai ba.

"Na ji da kunnena," in ji ta. "Alƙali ya ce ku kawo mai. Wannan nasa ne. Doya nawa ne, ba ya shiga kotu."

Ta ɗora mini, ta gyara gammon da hannunta.

Binta, baɗi ke za ki ɗauka, wuyanki ya isa. Ki bi ta gonakin doya, kada ki yi sauri. In an juye man an miƙo miki ƙwarya, ki yi godiya ki juyo, amma in kin zo gonar rogo ki rage tafiya. Tsohuwar nan ƙafarta ba ta da ƙarfi yanzu.